Yadda Ake Bin Dokokin Cinikin Ƙasa da Ƙasa Ba Tare da Ɓoye-Ɓoye Ba

Da zarar kaya sun tsallaka iyaka, dokar ƙasa guda ba ta isa ta yi musu hukunci ba. Ƙasar da suka fito tana da nata sharuɗɗan, ƙasar da za su shiga tana da nata, haka ma ƙasar da jirgi zai yada zango a cikinta, kuma sau da yawa ƙasar da aka yi ciniki da kuɗinta ita ma tana da ta cewa. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan mutanen da makomar kayan ke hannunsu ba za su taɓa ganin kayan da idonsu ba. Ma'aikacin banki da jami'in inshora da magatakardan kamfanin jiragen ruwa takarda suke karantawa, shi kansa jami'in kwastan kwantena kaɗan yake buɗewa daga cikin dubban da ke wucewa ta gabansa. Saboda haka aikin mai son ya bi doka ya rataya a kan abu biyu: ya san ƙa'ida tun kafin a yi lodi, sannan ya tabbatar duk takardun da ke rakiyar kayansa labari ɗaya suke bayarwa, kuma labarin gaskiya ne.

Ka fara da haƙƙin da kake da shi a kan hukuma

'Yan kasuwa da yawa suna ɗauka cewa bayyana gaskiya nauyi ne da ke kansu su kaɗai, alhali kuwa gwamnatoci ne aka fara ɗora wa shi. Sashe na 10 na GATT, yarjejeniyar haraji da ciniki tsakanin ƙasashe ta 1947, ya wajabta wa kowace ƙasa mamba ta wallafa dokokinta na kwastan da kuɗin fito da haramcin shigo da kaya cikin hanzari, ta yadda 'yan kasuwa za su san su, kuma ya hana a aiwatar da ƙarin haraji kafin a sanar da shi a hukumance. Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, ta gaji wannan sharaɗi lokacin da ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 1995, kuma a yanzu mambobinta sun kai 166. Daga baya Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki, wadda aka cimma a Bali a shekarar 2013 ta kuma fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, ta ƙara fayyace lamarin: a saka matakan shigo da kaya da fitar da su a intanet tare da fom-fom ɗin da ake buƙata, a buɗe ofishin amsa tambayoyi, a kuma bai wa 'yan kasuwa damar faɗin ra'ayinsu kafin sabuwar doka ta hau kansu. Ƙasashe masu tasowa an ba su damar aiwatar da waɗannan sharuɗɗa daki-daki, don haka ka duba abin da ƙasar da za ka yi hulɗa da ita ta riga ta ɗauki alkawarin cikawa.

Yi amfani da wannan haƙƙi a aikace. Kafin ka faɗa wa mai saye farashi, ka nemo jadawalin kuɗin fito na ƙasarsa daga shafin hukumar kwastan ɗinsu, ka gwada shi da abin da ke cikin taswirar shiga kasuwanni ta Cibiyar Ciniki ta Duniya, wato ITC, idan kuma Turai ka nufa, akwai shafin Access2Markets na Tarayyar Turai. Ka yi rajista a dandalin ePing, wanda aka buɗe a 2016, ka zaɓi kayanka da ƙasashen da ka damu da su, domin ya riƙa aiko maka da sanarwa duk lokacin da wata ƙasa ta bayyana niyyar sauya ƙa'idar lafiya ko ta inganci. A bisa al'adar WTO, ana barin kwana 60 domin karɓar ra'ayi, sannan a bar wata shida tsakanin wallafa ƙa'idar da soma aiki da ita, kuma wannan tazara ita ce damarka ta gyara kaya ko lakabinsu. Sai dai kada ka jingina da wannan hanya ita kaɗai, domin ƙasashe da dama suna makara wajen aika sanarwa, wasu ma ba sa aikawa sam. Idan batun mai nauyi ne, ka rubuta wa ofishin amsa tambayoyi na ƙasar, ka kuma adana amsar da suka ba ka.

Ka kuma san iyakar wannan haƙƙi. Kamfani ba ya iya kai ƙara gaban WTO, gwamnatoci ne kawai ke da wannan dama, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta tsaya cak tun Disamban 2019 saboda Amurka ta ƙi amincewa da naɗin sabbin alƙalai. Kariyar da za ta amfane ka yau da gobe tana cikin dokar ƙasar da kayanka suka sauka da kuma takardun da ka riƙe.

Lambar kaya

Kusan komai a wurin kwastan daga lambar kaya yake tasowa: kuɗin fito, lasisi, haramci, rangwame, har da irin binciken da za a yi. Tsarin lambobin da ake kira HS yana ƙarƙashin Hukumar Kwastan ta Duniya, ya fara aiki a 1988, kuma ƙasashe da yankuna sama da 200 ne ke amfani da shi wajen rarrabe rukunin kaya fiye da 5,000. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Ɗauki rigar shat mai gajeren hannu ta auduga: lambarta 6109.10, inda 61 ke nufin babin tufafin da aka saƙa da madauki irin na safa, 09 ke nufin wannan nau'in riga, 10 kuma ke nuna cewa ta auduga ce. Da za a yi irin wannan riga da zaren roba, sai ta koma 6109.90, da kuma yadin nata saƙar masaƙa ce ta tsaye da kwance, da ta bar babi na 61 gaba ɗaya ta shiga na 62. Ga mai kallo duk riga ce, amma kuɗin fiton yana iya bambanta sosai. Bayan waɗannan lambobi shida kowace ƙasa tana ƙara nata, wata ta kai takwas, wata goma, saboda haka lambar da mai sayarwa ya rubuto maka daga ƙasarsa shawara ce kawai, alhakin daidaita ta yana wuyan wanda ya gabatar da bayanin shigo da kaya.

Hanyar gano lambar da ta dace ita ce ka fara rubuta cikakken bayanin kayan kamar wanda zai kwatanta wa mutumin da bai taɓa ganinsu ba: da me aka yi su, kashi nawa na kowane sinadari, mene ne aikinsu, a haɗe suke ko a wargaje, a wane irin mazubi za a sayar da su. Sannan ka karanta kanun rukunin tare da bayanan da ke farkon sashe da farkon babi, domin ƙa'ida ta farko daga cikin ƙa'idoji shida na fassara tsarin ta ce waɗannan ne ke da ƙarfin doka, sunan babi kuwa jagora ne kawai. Mutane da yawa suna tsallake waɗannan bayanai, kuma a cikinsu ne ake samun jumlar da ke cewa kaza da kaza ba sa cikin wannan babi. Ka tuna kuma ana sabunta tsarin lokaci zuwa lokaci. Bugun 2022 ne ya ware wa wayoyin komai-da-ruwanka lambarsu, 8517.13, ya kuma ba jirage marasa matuƙi rukunin 88.06, kuma wani bugun zai fara aiki a 2028. Lambar da ta yi daidai shekara biyar da suka wuce ba lallai ba ne tana nan.

Idan kayanka sun faɗa tsakanin lambobi biyu, kada ka zaɓi mai sauƙin haraji ka yi shiru. Nemi hukunci tun kafin shigo da kaya. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki ya wajabta wa hukumomi su bayar da irin wannan rubutaccen hukunci a kan lamba da kuma asalin kaya, kuma a Tarayyar Turai yana aiki na tsawon shekara uku, yana ɗaure hukuma yana ɗaure mai kaya. A ganina babu wata dama a duk dokar kwastan da ake sakaci da ita kamar wannan, tun da tana mayar da gardamar da za a yi a bakin tashar jirgi, kaya na zaune kuɗin ajiya na hauhawa, zuwa wasiƙar da ake rubutawa cikin natsuwa. Wanda ke ganin manyan kamfanoni sun fi ƙarfin wannan matsala ya dubi kamfanin Ford, wanda a 2024 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 365. Zargin shi ne ya shigo da motocin ɗaukar kaya daga Turkiyya da kujerun baya na wucin gadi domin a lissafa su a matsayin motocin fasinja masu harajin kashi 2.5 cikin ɗari maimakon kashi 25, sannan a cire kujerun bayan an wuce kwastan.

Ƙimar kaya

Yarjejeniyar WTO a kan ƙimanta kaya ta ce asalin abin da za a ɗora haraji a kai shi ne kuɗin da aka biya ko za a biya a zahiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa adadin da ke jikin takardar farashi shi ne ƙarshen magana. Dokar ta umarci a ƙara wasu abubuwa idan mai saye ne ya ɗauki nauyinsu kuma ba sa cikin farashin: ladan dillalin mai sayarwa, kuɗin mazubi da ɗauri, kuɗin haƙƙin amfani da suna ko fasaha idan sharaɗi ne na cinikin, da kuma duk wani abin da mai saye ya bai wa masana'anta kyauta ko a kan rangwame domin a ƙera kayan. A ce ka aika wa masana'anta da ma'aunin zubi, wato abin da ake zuba narkakken abu a ciki ya ɗauki siffa, wanda ka kashe dala 20,000 a kansa, suka ƙera maka kaya da shi suka rubuto farashin aikinsu kawai. Wannan dala 20,000 wani ɓangare ne na ƙimar kayan, dole a raba ta a kan adadin da aka ƙera a bayyana ta, ko da kuwa ba ta fito a kowace takarda ta mai sayarwa ba. Kuɗin jirgi da na inshora kuwa kowace ƙasa da zaɓinta: Tarayyar Turai tana haɗa su cikin ƙima, Amurka da Kanada da Ostireliya ba sa haɗa kuɗin jigilar ƙetare.

Idan hukuma ta yi shakkar farashinka, ba ta da ikon ƙirƙiro wani adadi daga sama. Akwai hanyoyi biyar da za ta bi ɗaya bayan ɗaya, farawa da farashin kaya iri ɗaya, sai masu kama da su, sai lissafi daga farashin sayarwa a cikin ƙasa, sai lissafi daga kuɗin ƙerawa, sannan hanyar ƙarshe ta sassauta waɗannan, kuma kana da haƙƙin neman rubutaccen bayanin yadda aka kai ga adadin. Abin da zai tsaya maka a nan shi ne shaidar biyan kuɗi ta banki da ta yi daidai da takardar farashi da kwangila. Rage farashi a takarda domin a sassauta haraji, ko ƙara shi domin a fitar da kuɗi waje, laifi ne da ya wuce batun kwastan, domin hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya, wadda aka kafa a 1989, tun a rahotonta na 2006 ta lissafa su cikin manyan hanyoyin halatta kuɗin haram ta hanyar ciniki, kuma bankuna suna sa ido a kansu.

Asalin kaya

Ƙasar da aka yi lodi daban, ƙasar asali daban. Kayan da aka noma ko aka haƙo gaba ɗaya a wuri guda ba su da wahala. Rikicin yana tasowa ne a kan abin da ya ratsa hannu da yawa, inda ake tambayar a ina aka yi masa canji na haƙiƙa, kuma kowace yarjejeniyar rangwame tana da nata ma'aunin: wata ta ce sai lambar kayan ta sauya daga ta kayan haɗinsu, wata ta ce sai darajar da aka ƙara a cikin gida ta kai wani kaso, wata kuma ta ambaci takamaiman aikin da za a yi. A fannin tufafi, alal misali, yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko a mafi yawan lokuta tana buƙatar a ce tun daga zare aka fara aikin a yankin, don haka ɗinki kawai a kan yadin da aka sayo daga waje ba ya wadatarwa. Sauya mazubi ko manna sabon lakabi ba ya bai wa kaya sabon asali. Kafin ka sa hannu a takardar shaidar asali, ka tanadi jerin duk kayan haɗi da ƙasar kowanne da kuɗinsa, tare da rubutacciyar shaida daga waɗanda suka sayar maka, domin ana iya dawowa bincike bayan shekaru, kuma idan shaidar ta rushe, mai sayenka ne za a bi harajin da aka yafe, shi kuma ya biyo ka.

Ka san wanda kake ciniki da shi

Wannan shi ne ɓangaren da kuskure a cikinsa ya fi tsada. Takunkumin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya wajibi ne kowace ƙasa mamba ta aiwatar da shi, sannan Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da wasu ƙasashe suna da nasu jerin sunayen. Jerin OFAC, ofishin kula da takunkumi na Ma'aikatar Kuɗin Amurka, ya shafi har wanda bai taɓa taka ƙasar ba, saboda kuɗin da aka tura da dala a galibi sai ya ratsa ta wani banki a Amurka. Bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifi a 2014 ya biya kusan dala biliyan 8.9 saboda hada-hadar da ta shafi Sudan da Iran da Kuba, kuma tun daga irin waɗannan hukunce-hukunce bankuna suka zama masu saurin riƙe kuɗi ko rufe asusu a kan ƙaramin shakku.

Duba suna a jeri bai isa ba. A ƙa'idar OFAC, kamfanin da mutanen da ke cikin jeri suka mallaki kashi 50 ko fiye na hannun jarinsa, ko mutum ɗaya ne ko an haɗa rabonsu, shi ma yana ƙarƙashin takunkumi ko da sunansa bai fito ba, Tarayyar Turai kuma tana duba har da wanda ke juya kamfanin a bayan fage. Saboda haka ka nemi takardar rajistar abokin cinikinka da sunayen daraktocinsa da na ainihin masu shi, ka binciki mai saye da wanda za a miƙa wa kaya da dillali da banki da shi kansa jirgin, ka sake binciken ranar lodi da ranar biyan kuɗi, tun da jerin yana sauyawa a kai a kai. Ka adana hoton sakamakon da kwanan watansa.

Wasu kaya kuma su kansu ne ke buƙatar lasisi, wato waɗanda ke da amfanin farar hula da kuma na soja, kamar wasu na'urorin lantarki da sinadarai da injunan sassaƙa ƙarfe da manhajojin ɓoye bayanai. Ƙasashe 42 na Tsarin Wassenaar, wanda aka kafa a 1996 domin sa ido a kan fitar da makamai da irin waɗannan kaya, suna da jeri na bai ɗaya, kuma dokar Amurka tana bin kayan da suka samo asali daga can duk inda aka sake sayar da su. Kamfanin ZTE na Sin ya amince a 2017 da tarar da ta kai dala biliyan 1.19 saboda tura kayan fasahar Amurka zuwa Iran da Koriya ta Arewa. Alamomin da ya kamata su tsayar da kai sanannu ne: mai saye ya ƙi faɗin abin da zai yi da kayan, ko ya nemi injin da bai dace da sana'arsa ba, ko ya ce ba ya buƙatar a kafa masa shi ko a koya wa ma'aikatansa, ko adireshin isar da kaya ya zama ofishin kamfanin jigila ne kawai, ko kuɗi ya fito daga wani kamfani a wata ƙasa da ba ta cikin cinikin. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu ka yi tambaya a rubuce, idan amsar ba ta gamsar ba ka janye, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rufe ido da gangan, a wurin masu gabatar da ƙara, daidai yake da sani.

Kwangila da takardun banki

Ka rubuta a kwangila wa zai yi me. Ƙa'idojin Incoterms na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya, waɗanda aka fara fitarwa a 1936 kuma bugun 2020 ke ɗauke da guda 11, suna fayyace inda haɗari ke komawa kan mai saye da wanda zai yi fito. Kowace ƙa'ida tana da gajeren suna na haruffa uku. A ƙarƙashin DDP mai sayarwa ne zai biya haraji ya yi fito a ƙasar mai saye, abin da bai kamata ya ɗauka ba idan ba shi da rajista a can, a ƙarƙashin EXW kuwa mai saye ne ke da alhakin takardun fitarwa a ƙasar da ba tasa ba. FOB da CIF na kayan da ake lodawa kai tsaye cikin jirgin ruwa ne, kayan kwantena sun fi dacewa da FCA ko CIP. Waɗannan ƙa'idoji ba sa magana a kan mallakar kaya ko dokar da za ta yi hukunci, sai ka rubuta su daban, ka kuma sani cewa yarjejeniyar Vienna ta 1980 a kan sayar da kaya tana iya hawa kan cinikinku kai tsaye idan ƙasashenku biyu sun sa hannu, sai dai idan kun cire ta a fili.

Idan da wasiƙar lamunin banki za a biya, wato alkawarin banki na biyan mai sayarwa da zarar ya gabatar da takardun da aka ƙayyade, ƙa'idojin UCP 600 na 2007 da bankuna ke bi a kan irin wannan wasiƙa sun faɗa ƙarara cewa banki da takardu yake hulɗa, ba da kaya ba. Yana da kwanakin aiki biyar na dubawa, kuma idan wasiƙar ba ta ce komai ba, dole a gabatar da takardu cikin kwana 21 bayan lodi. Kafin ka miƙa su, ka shimfiɗa takardar farashi da ta jerin kaya da ta lodin jirgi da ta shaidar asali da ta inshora a kan tebur guda, ka bi su layi-layi: sunan kaya, yawan katan, nauyi, lambar kwantena, lambar hatimi, sunan tasha, kwanan wata. Katan 480 a wata takarda da 408 a wata ya isa banki ya ƙi biya, ya kuma isa jami'in kwastan ya ce a sauke kwantena a ƙirga.

Wakilai da cin hanci

Ejan da ke maka fito da sunanka yake aiki, kuma abin da ya yi yana iya zama laifinka. Dokar Amurka ta 1977 ta haramta bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci ko ta hannun wani ne, dokar Birtaniya ta 2010 ta ƙara da hukunta kamfanin da ya kasa hana wakilinsa bayarwa, ba ta kuma yafe ɗan abin da ake miƙawa domin a hanzarta takarda ba. Mafitar da ta bari ita ce kamfani ya nuna yana da isassun matakan kariya. Kamfanin Siemens na Jamus ya biya kimanin dala biliyan 1.6 a Amurka da Jamus a 2008, kamfanin ƙera jiragen sama na Airbus kuma ya biya Yuro biliyan 3.6 ga Faransa da Birtaniya da Amurka a 2020, kuma 'yan tsakani sun taka babbar rawa a duka biyun. Ka buƙaci rasit na hukuma a kan kowane kuɗi da ejan ya ce ya biya, ka ƙi amincewa da layin da aka rubuta "sauran kashe-kashe" babu bayani, ka kuma karɓi kwafin ainihin bayanin da ya shigar wa kwastan ka gwada shi da abin da ka ba shi.

Tambayoyin da ake yi yanzu sun wuce kayan kansu zuwa yadda aka samar da su. Tun 21 ga Yunin 2022 Amurka tana ɗaukar duk abin da ya haɗa da kayan yankin Xinjiang na ƙasar Sin a matsayin aikin tilas har sai mai shigowa ya kawo hujja. Tarayyar Turai ta fara neman rahoton hayaƙin da aka fitar wajen ƙera siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani tun Oktoban 2023, kuma dokarta ta hana sare daji tana neman a nuna ainihin filin da aka noma koko ko kofi ko roba. Ko katakon da aka ɗora kaya a kai yana da ƙa'ida: ma'aunin ISPM 15 ya ce a gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, ko a yi masa feshin da aka amince da shi, a buga masa hatimi, kuma rashin hatimin kaɗai yana iya sa a mayar da kaya.

Adana takardu da gyara kuskure

Sakin kaya ba ya nufin an rufe fayil, domin hukumomi suna bincike bayan fito. Amurka tana buƙatar a adana takardun kwastan shekara biyar, na takunkumi kuma shekara goma tun daga 2025, dokar kwastan ta Tarayyar Turai ta ce aƙalla shekara uku. Ka ɗauki mafi tsawon wa'adin da ya shafe ka, ka buɗe wa kowane lodi fayil ɗaya, kuma ban da takardun ciniki ka saka ɗan rubutu na dalilin da ya sa aka zaɓi wannan lamba da wannan ƙima, domin ma'aikacin da ya yanke shawarar zai iya barin aiki kafin mai bincike ya zo. Ka ɗora wa mutum guda alhakin wannan aiki, wanda ke da ikon tsayar da lodi ko da sashen tallace-tallace bai ji daɗi ba, sannan a riƙa zaɓo tsofaffin fayiloli jefi-jefi ana sake duba su.

Idan ka gano kuskure da kanka, ka tsayar da irin wannan ciniki, ka lissafa duk lodin da abin ya shafa, ka nemi lauya, sannan ka kai kanka kafin a zo maka. Sashe na 6 na Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki ya ƙarfafa wa hukumomi su ɗauki irin wannan bayyanawa a matsayin dalilin sassauci, ya kuma wajabta a yi wa wanda aka ci tara bayani a rubuce na laifinsa da dokar da aka dogara da ita. Kada a taɓa gyara tsohuwar takarda ko a goge saƙo, domin hakan yana mayar da kuskure zamba. Idan kuma kai ne ke ganin hukuma ta yi kuskure, sashe na 4 ya ba ka haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa ofishi na sama ko kotu, sashe na 7 kuma ya ba da damar a saki kaya a kan jingina kafin a kammala tantance haraji. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne a ƙasashe da yawa, kuma galibi daga ranar da aka sanar da hukuncin yake farawa, saboda haka ka rubuta ƙin amincewarka tun lokacin biya. Kamfanin da ya tara tarihi mai tsabta na wasu shekaru yana iya neman matsayin amintaccen ɗan kasuwa a ƙarƙashin SAFE, tsarin tsaro da sauƙaƙa ciniki na Hukumar Kwastan ta Duniya na 2005, wanda ke rage yawan buɗe kwantena, kuma ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar amincewa da juna suna girmama wannan matsayi a tashoshinsu.